Yadda Ake Zaɓar Tsarin Riƙe Aksil ɗin Baya a Motar Gudu, Mataki-Mataki

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu ƙara wa mota ƙarfi: an gama aikin inji, amma da an take totur sai tayoyin baya su kama tsalle, ko gindin mota ya riƙa wutsil-wutsil a kwana. To me za a sa a baya? Mai hannu huɗu, mai hannu uku, sandar Panhard ko ta Watt?

Bayanin nan na motocin da ke da aksil guda ne a baya, wato bututun ƙarfe ɗaya da ya haɗa tayoyin biyu, da tukunyar giya a tsakiya, farfela na juya ta. "Hannu" kuma na nufin sandar ƙarfe da ke haɗa aksil da bodi. Ga yadda ake bin aikin daki-daki.

1. Gane motsin da ke damunka

Motsi biyu kaɗai aka yarje wa aksil: ya hau ya sauka gaba ɗaya, ko gefe ɗaya ya hau ɗayan ya sauka. Sauran huɗun dole a tare su: zamewa gaba ko baya, zamewa gefe, murɗewa (tukunya ta ɗaga hanci sama idan an ba da wuta), da karkacewa ta yadda taya ɗaya za ta riga ɗaya gaba, aksil ya koma yana tuƙa motar ba da sanin sitiyari ba.

Kowanne da alamarsa. Tsallen taya da ƙarar "gaf-gaf-gaf" wajen tashi, murɗewa ce. Taya na gogar cikin bodi a kwana, ko ka ji gindi ya jinkirta kafin ya bi gaba, zamewar gefe ce. Mota na jan hannu ɗaya idan ka take totur, ta koma ɗaya hannun idan ka saki, wannan karkacewa ce, kuma galibi bushin ne ya mutu.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce: kowane motsi a ba shi mai tsaro ɗaya. Idan babu mai tsaro, aksil zai yi yawo. Idan biyu suka haɗu a kan motsi ɗaya, kowa na ja ta bakansa, tsarin zai cije, kuma tsarin da ya cije daidai yake da motar da ba ta da sifirin.

Gargaɗi: kafin ka sayi komai, duba bushin, shokazoba da yubol. Sau da yawa ana zargin tsari alhali roba ce ta ruɓe.

2. Tanadi kayan aiki, ka ɗauki awo

Kana buƙatar tef, ma'aunin kusurwa na dijital, lebur, zare mai nauyi a baki, alli, jak, matokarai huɗu masu ƙarfi, da daɓe mai laushin shimfiɗa wanda bai gangara ba. Sifana mai auna ƙarfin ɗauri ma dole ce.

A yi awon mota na zaune a kan tayoyinta, da rabin tankin mai, da nauyin direba a kujera. Rubuta waɗannan: tazarar tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a kowane gefe, tsayin kowace gaɓa (wurin da hannu ke haɗuwa da aksil ko bodi) daga ƙasa, nisan kowace gaɓa daga tsakiyar aksil, ratar da ke tsakanin taya da bodi hagu da dama, kusurwar wutsiyar giyabos, ta farfela, da ta hancin tukunya. Ka sauke zare daga kowace gaɓa ka yi alama a daɓe, daga nan awo ya fi sauƙi da a yi ta kwanciya ƙarƙashin mota da tef.

Gargaɗi: awon da aka ɗauka mota na rataye a kan jak, tayoyi na reto, ba shi da amfani ko kaɗan.

3. Yanke shawarar aikin da motar za ta yi

Nan ne mutane ke yaudarar kansu. Motar tseren miƙaƙƙen layi tana son aksil ya danna taya ƙasa da ƙarfi a daƙiƙar farko, ba ruwanta da kwana. Motar tseren da'ira mai kwana-kwana tana son aksil ya karkata a sake, ba cijewa. Motar titi kuma tana son shiru da daɗewar kaya. Babu tsarin da ya cinye duka ukun. Zaɓi wanda motar za ta fi yi, ba wanda za ta yi sau ɗaya a shekara ba.

4. Kwatanta masu riƙe gaba-baya da murɗewa

Ka fara sanin girman nauyin da ake magana a kai. Inji mai juyi 500 Nm, giya ta ɗaya mai ninki 3, tukunya mai ninki 3.7, ya ba da 5,550 Nm a aksil. Idan tsakiyar taya na santimita 32 daga ƙasa kuma taya ta riƙe ba ta zame ba, turin da ke ƙasa ya kusa tan 1.8. A tsarin da hannayen ƙasa ke santimita 20 daga ƙasa, na sama kuma 45, na ƙasa za su sha matsin kusan tan 3.2, na sama su sha jan kusan tan 1.4. Da wannan idon za ka kalli kowane biraket.

Sifirin mai falle. Shi ne mafi arha, kuma shi kaɗai yake ɗaukar nauyi, ya riƙe gaba-baya, ya riƙe gefe. Rauninsa murɗewa: ƙarfin juyi yana lanƙwasa rabin gaban sifirin kamar maciji, taya ta suɓuce, sifirin ya dawo da ƙarfi, taya ta sake kamawa. Wannan ne tsallen da ke karya kuros da haƙoran giya. Maganinsa sandar tallafi da ake ɗaurawa ƙarƙashin aksil ta miƙa gaba. Mai robar duka a baki, dole robar ta sauka daidai ƙarƙashin idon sifirin na gaba. In ta tsaya a tsakiyar falle za ta lanƙwasa shi ne kawai. Irin su CalTracs, masu ƙaramin faranti mai lilo a idon gaba, sun fi aiki kuma ana iya saita su. Akwai kuma dabarar sa shokazoba ɗaya gaban aksil ɗaya bayansa. Kada ka cusa dogon tubalin ƙarfe tsakanin aksil da sifirin don rage tsayin mota, yana ƙara wa murɗewa ƙarfi.

Sandar tsani. Sanduna biyu ne masu siffar alwatika, kowace an ɗaure ta ƙam a aksil wuri biyu, a gaba kuma gaɓa ɗaya. Tsawonsu yakan kama santimita 80 zuwa 90. Murɗewa ta ƙare ke nan, saiti kuma ba wahala. Amma da yake duka biyun a ɗaure suke da bututun aksil, idan gefe ɗaya zai hau sai dai bututun kansa ya murɗe. A miƙaƙƙen layi wannan alheri ne, a kwana ko hawa gefen titi a karkace kuwa walda ce ke shan wahala har ta tsage. Ta filin tsere ce, ba ta titi ba.

Hannu huɗu mai alwatika. Biyu na ƙasa a miƙe, biyu na sama a karkace kamar bakin almakashi, karkatar ce ke riƙe gefe, saboda haka ba a buƙatar wata sanda. Shi ne a ƙarƙashin Ford Mustang daga 1979 zuwa 2004, da Chevrolet Chevelle na 1964 zuwa 1972. Ba ya cin wuri, salansa da tanki suna samun hanya. Illarsa ita ce hannayen sama aiki biyu suke yi lokaci guda, kuma gajeru ne, don haka idan bodi ya karkata sai roba ta matsu kafin su bi. Cibiyar karkatarsa ma, wato wurin da bodi ke juyawa a kai idan ya kwanta a kwana, tana sama. Idan za ka ƙera sabo, kowane hannun sama ya buɗe aƙalla digiri 30 daga tsakiyar mota, 45 ya fi. Ƙasa da haka riƙon gefe ya zama na jeka-na-yi-ka.

Hannu huɗu a jere. Dukkansu suna kallon gaba, ana ƙara sandar gefe daban. Toyota Corolla AE86 haka take daga kamfani. Irin na tsere yana zuwa da biraket mai ramuka da yawa, shi ya sa ya fi kowanne faɗin saiti, kuma shi ya fi saurin rikita wanda bai yi lissafi ba. Idan na sama da na ƙasa ba su yi daidai a tsawo da kusurwa ba, shi ma yana cijewa a karkata.

Hannu uku. Biyu a ƙasa, ɗaya a sama, da sandar gefe. Mustang na 2005 zuwa 2014 da shi ya fito. A lissafi shi ne mafi tsabta: adadin sandunan ya yi daidai da adadin motsin da ake tarewa, babu rara, don haka babu cijewa ko da gaɓoɓin ƙarfe aka sa. Ga wata riba: juyin farfela yakan rage wa tayar dama nauyi wajen tashi, idan aka matsar da hannun sama ɗan dama da tsakiya, ana iya rama wannan. Matsalarsa wuri. Hannun sama yana son ratsawa ta inda kujerar baya take, shi ya sa na kamfani ke zama gajere. Kuma jan tan 1.4 ɗin nan biraket ɗaya ne zai sha shi, ba za a manna shi a fallen bodi kawai ba.

Doguwar sandar murɗa. Hannaye biyu a ƙasa, sai doguwar sanda da aka ɗaure ƙam a tukunya ta bi gefen farfela zuwa kusa da giyabos. Chevrolet Camaro da Pontiac Firebird na 1982 zuwa 2002 da ita suke. Ba ta taɓa kujerar baya, ba ta cijewa, tana ba da riƙo mai kyau wajen fita daga kwana. Sharaɗinta shi ne bakinta na gaba ya iya zamewa gaba-baya, ko ta cikin roba ko ta ɗan lilo. In aka ɗaure shi ƙam ya zama mai tsaro na biyu a kan motsin da hannayen ƙasa ke tsaro. Idan ta yi gajarta da yawa, baya yakan yi tsalle wajen taka birki da ƙarfi. Tana kuma rage ratar mota da ƙasa.

A taƙaice ga mai son kwana: hannu uku in akwai wuri, doguwar sanda in babu. Ga mai miƙaƙƙen layi: hannu huɗu a jere in zai iya lissafi, tsani in yana son sauƙi. A kuɗi kuwa, sandar tallafin sifirin ce mafi rahusa domin ɗaurawa kawai ake yi. Sauya mota mai falle zuwa mai hannaye shi ne mafi tsada, kuma yawancin kuɗin a walda, yankan bodi, sabuwar shokazoba da sauya hanyar salansa yake tafiya, ba a sandunan ba.

5. Zaɓi mai riƙe gefe

Sandar Panhard sanda ɗaya ce a gicciye, baki ɗaya a bodi, ɗaya a aksil. Da yake baka take zanawa, tana ɗan jan aksil gefe idan ya hau ko ya sauka. Mutane suna zuzuta wannan fiye da kima. Sanda mai tsawon mita ɗaya, a kwance lebur, idan aksil ya motsa santimita 7.5, jan gefen bai kai milimita 3 ba. Mai santimita 60 tana ba da kusan milimita 5. Amma bari sandar mita ɗayan ta fara a karkace, baki ɗaya ya ɗara ɗaya da santimita 10, wannan motsin zai iya jan aksil sama da santimita ɗaya. Ashe laifin ba na sandar ba ne, na karkata ne. A yi ta da tsawo gwargwadon wuri, a kwantar da ita lebur.

Gargaɗi: duk motar da aka rage wa tsayi, sandar Panhard ɗinta ta karkace kuma aksil ya bar tsakiya. Sanda mai saitin tsawo tana mayar da aksil tsakiya, amma ba ta gyara karkatar. Wannan sai an matsar da biraket.

Tsayin sandar a tsakiyar mota shi ne cibiyar karkatar baya. A ɗaga ta, bodi ya rage kwanciya amma gindi ya fi saurin zamewa. A sauke ta, gindi ya ƙara riƙo, bodi ya ƙara kwanciya. Ƙaramin aibinta shi ne hagu da dama ba sa zama ɗaya: bakin da ke bodi yana sauka a kwana ɗaya, ya hau a ɗayar. Duk da haka motocin babban rukunin NASCAR, gasar tseren motoci ta Amurka, sun yi shekaru da dogayen hannaye biyu da wannan sanda, sai a 2022 suka koma tsarin da kowace taya ke cin gashin kanta.

Tsarin Watt, wanda asalinsa James Watt ya ƙirƙira a 1784 don injin tururi, sanduna biyu ne da ɗan faranti mai juyawa a tsakiya. Aksil yana hawa yana sauka a miƙe, hagu da dama iri ɗaya. Mazda RX-7 ta farko da Ford Crown Victoria daga 1998 suna da shi. Farashinsa: gaɓoɓi biyar maimakon biyu, ƙarin nauyi, da cin wurin tanki da salansa. Dole sandunan biyu su zama tsawo ɗaya, a jere da juna, farantin kuma a tsaye, a tsayin zaman mota. A motar titi bambancinsa da doguwar Panhard mai kyau kaɗan ne. Inda yake biyan kuɗinsa shi ne mota mai faɗin taya da ratar bodi ƙalilan, ko mai doguwar tafiyar sifirin.

Sandar da ake gicciyawa daga gaban tsani ɗaya zuwa bayan ɗayan ta motar miƙaƙƙen layi ce kawai.

Gargaɗi: kada a ƙara Panhard ko Watt a kan hannu huɗu mai alwatika a bar hannayen sama yadda suke. Masu tsaron gefe sun zama biyu, kowa da cibiyarsa. Masu sauya irin wannan mota zuwa doguwar sanda cire hannayen saman suke yi gaba ɗaya.

6. Yi lissafin durƙuso a takarda

Zana motar ta gefe. Ja layin hannun ƙasa da na sama zuwa gaba har su haɗu. Raba tsayin mahaɗar da nisanta daga aksil. Sannan raba tsayin cibiyar nauyin mota da tazarar tayar gaba da baya. Amsar farko a raba ta da ta biyu, a ninka da ɗari. Ɗari bisa ɗari na nufin gindi ba zai durƙusa ba, ba zai ɗaga ba. Ƙasa da haka zai durƙusa, sama da haka zai ɗaga ya danna taya.

Misali: tazara santimita 260, cibiyar nauyi 50, rabonsu 0.192. Hannun ƙasa lebur a tsayi 20. Na sama ya tashi daga 45, tsawonsa 30, gabansa na 39. Za su haɗu a nisan 125, tsayi 20, rabo 0.16, wato kashi 83. Yanzu sauke gaban hannun sama rami ɗaya, santimita 2.5 kacal. Mahaɗa ta dawo nisan 88, lissafi ya haura zuwa kusan kashi 118. Rami ɗaya ya sauya halin motar dungurungum, shi ya sa ba a yin wannan da ka.

Motar kwana takan zauna ƙasa da ɗari, ta miƙaƙƙen layi a kusa da ɗari ko sama. Hannayen ƙasa kuma a bar su lebur ko kusa da haka. Idan suka karkata sosai, duk lokacin da bodi ya kwanta taya ɗaya za ta matsa gaba ɗayar baya, aksil ya yi nasa tuƙin.

7. Zaɓi gaɓoɓi

Roba shiru gare ta kuma tana yafe kuskuren lissafi, amma tana matsuwa. Roba mai tauri ta foliyuritan tana juyawa ta fuska ɗaya kawai, tana son giris. Gaɓar ƙarfe mai ƙwallo tana juyawa ko'ina ba tare da matsuwa ba, sai dai ƙara da saurin cinyewa da ƙura. Haɗin da ya fi dacewa da titi: mai ƙwallo a bakin aksil, roba a bakin bodi.

Gargaɗi: foliyuritan a duka bakuna takwas na mai alwatika shi ne kuskuren da ya fi yawa. Da roba wannan tsarin yake numfashi. A toshe shi, sai gindi ya riƙa ɓallewa ba sanarwa a kwana, mazaunin hannaye a bodi kuma ya tsage.

8. Ɗaura, gwada motsi, sannan walda

Tsayar da aksil a tsayin zama, a tsakiya, a miƙe. Auna a gicciye daga alama ɗaya a gaba zuwa kowane bakin aksil, bambanci kada ya wuce milimita 2 zuwa 3. Ɗiga walda kawai a biraket, kada a cika. Cire sifirin, ka ɗaga aksil da jak har ƙarshe, ka sauke har ƙarshe, sannan gefe ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka juya. Idan jak ya fara ɗaga bodi kafin aksil ya kai robar tsayawa, akwai cijewa. Duba tiyon birki bai miƙe ba, shokazoba ba ta ƙure kafin robar tsayawa ba, bakin farfela yana da ratar shiga giyabos ta kusan santimita 2.

Sai a cika walda, gajere-gajere, ana tsallakawa gefe zuwa gefe ana barin ƙarfe ya huce. Zafi a wuri ɗaya yana lanƙwasa bututun aksil, sakamakonsa cin boris da cin taya. Kowace gaɓa ta shiga tsakanin kunnuwa biyu, ba a rataye ta a kunne ɗaya ba. Kusoshi masu lamba 10.9. Zaren gaɓa mai ƙwallo ya shige cikin sanda aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurinsa.

Gargaɗi: bushin roba ana ƙarasa ɗaure shi ne bayan mota ta zauna a kan tayoyinta. In an ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta daɗe ba.

9. Saita hancin tukunya

Abin da ake nema shi ne, a lokacin da inji ke ja, layin tukunya ya yi jere da layin giyabos, kusurwar kuros na gaba da na baya su yi daidai cikin digiri ɗaya, kowace tsakanin rabin digiri da 3. Tunda hanci yana ɗagawa idan an ba da wuta, ana sunkuyar da shi tun a tsaye gwargwadon laushin tsarin: digiri 1 zuwa 2 ga gaɓoɓin ƙarfe, 2 zuwa 4 ga roba, har 4 zuwa 6 ga sifirin mai falle a motar tsere. Girgiza wajen taka totur na nufin sunkuyon bai isa ba. Girgiza wajen sakewa na nufin ya yi yawa. A mota mai falle ana gyarawa da ɗan faranti mai gangara, na ƙarfe, ba na alminiyam ba, domin shi yana fashewa yubol ya saki.

10. Gwaji

A fili rufaffe, ba a titin jama'a ba. Fara a hankali: tashi, birki, kwana hagu, kwana dama. Sa waya ta ɗauki bidiyon tayar baya daga gefe, a nan za ka ga ko gindi na durƙusawa ko ɗagawa. Sauya abu ɗaya a kowane zagaye, ka rubuta. Idan tsallen taya bai tafi ba bayan an riƙe murɗewa, koma kan shokazoba da iskar taya kafin ka sake taɓa ramukan biraket. Bayan kilomita ɗari na farko a sake bin kowane noti da sifana mai awo, a haska fitila a kan walda, musamman biraket ɗin Panhard na bodi da mazaunin hannun sama.